Ranar da Maraɗi Ta Riga Mu Ganin Wata

Jiya ina jin ku a bakin shagon nan kuna cewa wai aikina ba aiki ba ne. A buga waya a kama zauren taro, a buga wata a kira mai lasifika, a sa hannu a takarda, sai mutum ya miƙe ƙafa. Wani cikinku har da cewa da wayar hannunsa zai haɗa taro uku kafin azahar. To madalla. Ku gyara zama, ku ajiye latse-latsen nan, in gaya maku yadda ake yin abin da kuka raina.

Aikina na farko taron masu motocin dakon kaya ne, a wani fili bayan tasha. Lokacin ina da aure har da 'ya ɗaya, dakon buhu a Magama, bakin bodar Nijar, ya fara cin bayana. Malam Ɗanjuma mai ƙaho, Allah ya jiƙansa, shi ya ɗauke ni. Kayan aikinsa kaf ba su cika amalanke ba: ƙaho biyu na ƙarfe irin na masallaci, amfilifaya ɗaya mai nauyin tsiya, batirin mota, da makirfo guda da aka naɗe wuyansa da tsumma. Na hau bishiyar darbejiya na ɗaure ƙahonin da kyau, na sauko ina jiran yabo. Malam ya ɗebi ƙasa ya saki, ya ga inda iska ta kai ta, ya ce in koma in kwance, na sa su suna faɗa da iska. Sau uku na hau bishiyar nan. Da na gama, ya tafi can layin ƙarshe ya zauna a kan benci, ya ce in yi ta ƙirga ɗaya zuwa goma a makirfo har sai ya ɗaga hannu. A nan baya, in ji shi, tsofaffi masu nauyin kunne suke zama, kuma su ne za su koma gida su ce taro ya yi ko bai yi ba.

Ban taɓa jin Malam ya fara ciniki da maganar kuɗi ba. Tambayarsa ta farko kullum ita ce, su wa za su zo? Sai ta biyu, wa ke gaba da wa a cikinsu? In ya gama sanin wannan, sannan ya faɗi farashi, kuma ba ya ragewa sai dai ya ƙara maka kujeru.

Daga baya kamfanoni suka gano garin nan namu Jibiya. Masu taki, masu tayar babur, masu injin ban ruwa, duk suna son tara dillalansu na nan da na Nijar wuri guda. Ɗan kasuwar Maraɗi ba ya son wahalar zuwa Kano, ɗan kamfani kuma ba ya son wahalar tsallaka boda da kayansa, sai a haɗu a nan tsakiya. Su kuwa kamfanoni ba su san a tafa hannu a raba goro ba, takarda suke so. Malam bai yi boko ba, ni na ɗan taɓa firamare, don haka ni ake turawa in zauna da su. Da haka na bar hawan bishiya na koma ɗaura yarjejeniya: ni ne tsakanin kamfani da mai zaure, tsakanin mai zaure da mai lasifika, tsakanin su duka da mai abinci.

Taron masu taya shi ya koya mani rubuta takarda. Na sa hannu cewa zaure ya haɗa da janareta, na tafi ina ganin na iya. Rana na tsaka, babban baƙo na cikin jawabi, janareta ya yi tari biyu ya mutu. Na ruga wurin mai zaure, ya dube ni ko kunya babu ya ce, "Janareta na ce zan ba ku, ga shi nan. Mun yi maganar mai?" Ba mu yi ba. Tun ranar ba na barin komi ga fahimta. Man janareta wuyan wa yake, a rubuta. Kujeru nawa, kuma sai na zauna a kan kowace da kaina, don kujerar roba mai tsagaggiyar ƙafa ba ta tashi karyewa sai ƙarƙashin alhajin da ya fi kowa ƙiba da fushi. Fanka nawa ke juyawa, ba nawa ke rataye ba. Butoci, ruwan alwala, tabarmin salla. Labule mai kauri a tagogi, in ba haka ba hasken rana ya wanke hoton majigi, mutane su zauna suna kallon farin bango. Ƙarfe nawa za a buɗe, ƙarfe nawa za a fita, da wanda zai kori awaki.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa. A teburin manya makirfo biyu nake sawa, iri ɗaya, tsawo ɗaya, guda gaban shugaban dillalan nan, guda gaban na Maraɗi. In ɗaya ne, dole wani ya miƙa wa wani, kuma wanda ya jira a miƙo masa zai riƙe abin a ransa har shekara ta zagayo. Ba za ku sami wannan a wayarku ba.

Shekarun nan sun yi daɗi, ba zan ɓoye maku ba, ina kewarsu. A wata guda sai in haɗa taro huɗu. Malam ya rasu, ɗansa Lawwali, wanda muka tashi a aikin tare, ya gaji kayan ya ƙara da manyan akwatunan sauti da makirfo marar waya. Hajiya Tabawa ta gina zaurenta a hanyar Magama, ita ce mai zaure, ita ce mai girki. Mu uku muka zama kamar duwatsun murhu.

Sai aka rufe boda. Magama da ba ka jin maganar na kusa da kai don kukan manyan motoci ta koma tsit, har kana jin kukan kurciya. Wayata ta daina ƙara. Hajiya ta cika zaurenta da buhunan dawa na ajiya. Lawwali ya sayar da manyan akwatuna biyu ya koma gyaran rediyo. Ni kuwa na koma gonar gado a Gangara, hannun da ya saba da biro ya kumbura da fartanya. Ko da aka buɗe, kamfanoni ba su dawo da wuri ba, kowa na jiran ya ga wani ya fara.

Wanda ya fara shi ne Malam Bulus, jami'in wani kamfanin injin ban ruwa. Mutumin wajen Jos ne, Kirista, amma Hausar bakinsa ta fi ta wasunku. Mun yi taro huɗu da shi kafin rufewa. Ya kira ni ya ce, "Malam Isiya, da ƙyar na shawo kan manyana. Wannan gwaji ne. In ya yi kyau, sauran kamfanoni na kallo. In ya lalace, Kano za su mai da taron, kuma ba na jin za su sake waiwayo Jibiya." Mutum ɗari da ashirin yake so, hamsin daga Maraɗi ƙarƙashin Elhaji Mahaman.

Elhaji Mahaman shi ne uban dillalan can. Dogo ne, ba ya yawan magana, ba ya dariya sai da dalili. In ya zauna an zauna, in ya tattara babbar rigarsa ya miƙe, mutum hamsin za su miƙe a bayansa ba wanda zai tambayi dalili. Abincina da na Lawwali da na Hajiya duk a kan zaman mutumin nan ya rataya.

Bulus na son a yi kafin azumi. Kun san yadda ake rububin ɗaura aure a Sha'aban, zauren Hajiya ya cika da biki, rana ɗaya tak ta rage: ashirin da tara ga wata, daga safe zuwa ƙarfe huɗu, don da yamma mata na da kamun amarya. Na ƙirga a yatsa. Ko an ga wata daren ranar, sai washegari za a tashi da azumi. Lafiya lau. Na rubuta shayin safe, abincin rana bayan azahar, da ruwan gora mai tambarin kamfani a kan kowane tebur. Muka sa hannu, Bulus ya aika da gayyata Maraɗi daga ofishinsu.

Ranar taro da hantsi na je Magama tarbar baƙi. Manyan motocinsu biyu suka gama da jami'ai suka tsallako. Elhaji ya sauko, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa farin goro da ruwa mai sanyi kamar yadda na saba. Ya dubi hannuna bai karɓa ba.

"Mun tashi da azumi, Isiya."

Na ce, "Na nafila, Elhaji?"

"Na Ramadan. Jiya munka ga wata."

Tun shigowar Sha'aban lissafinsu na gaban namu da kwana ɗaya, ashirin da taranmu ita ce za ta zama talatin ɗinsu, ga shi sun ga wata ta zama ɗaya ga azumi. Ba baƙon abu ba ne. Duk wanda aka haifa a bakin bodar nan ya san wata shekarar tare muke ɗauka, wata shekarar su riga mu. Ɗan Legas ne zai yi wannan kuskure a yi masa uzuri. Ni da na yi shekara da shekaru ina ƙirga wata sau biyu, namu da nasu, na ƙirga sau ɗaya.

Elhaji ya ce, "Mun yi alkawali, mun zo. Mu tai." Fuskarsa ba fushi, ba fara'a.

Ku duba inda na tsaya. Mutum hamsin masu azumin farko, ga zafin bazara, zan zaunar da su gaban ruwan sanyi da shayi, in kuma kawo shinkafa da naman rago a ci suna kallo. Ba zan iya ɗaga abinci zuwa magariba ba, zaure na mata ne daga ƙarfe huɗu, kuma dole baƙi su tsallaka kafin a sa shinge da yamma. Ba zan iya hana mutum saba'in na gida cin abincin da aka yi masu alkawari ba. Na ce wa direbobi su tsaya shan mai su ɗan ja lokaci, ni kuwa na haye kabu-kabu na riga su.

Na sami Hajiya a bayan zaure tana tsaye kan tukwane. Na zayyana mata. Ta saki ludayi ta riƙe ƙugu.

"Malam Isiya, raguna biyu na cikin tukunyar nan. Da furfurarka ka yi wannan aika-aika?"

Na ce na yi, yanzu gyara nake nema. Abincin mutanen gida a kai shi can rumfar baya, a rufe ƙofar da ke kallon murhu kada ƙamshi ya shiga. Na baƙi kuma a canza shi ya zama na buɗa-baki a hanya: a soya namansu ya bushe, a dama kunun tsamiya, a toya ƙosai wajen ƙarfe uku, a nemo dabino.

"Wato in yi girki biyu a rana ɗaya, ga biki na jirana. Yana cikin takardarka?"

"Ba ya ciki, Hajiya."

"To me ke ciki nawa?"

Na ce kayan sautin Lawwali za su kwana a zaure su yi wa matan kamu aiki, ba sai ta ɗauko wani ba. Ta auna ni da ido, sannan ta ce kulolinta goma sha biyu ne, in ɗaya ta kwana a Nijar ni zan bi ta da ƙafa. Na yarda. Lawwali da ya ji na yi kyauta da yammacinsa ban tambaye shi ba, ya yi tsaki har sau biyu, amma bai ce a'a ba.

Bulus na same shi yana jera gorunan ruwa da hannunsa, tambari na kallon gaba, don manyansa na son hoto. Tun daga Kano ya yi dakon su. Na gaya masa. Ya dafe kai, ya dube ni, ya dubi ruwan. Ya ce, "Kwashe su." Har wadda ke kan teburinsa ya miƙo mani, alhali shi zai yi awa uku yana bayani.

Abu na ƙarshe shi ya fi ba ni tsoro. Maganar ganin wata tsakaninmu da mutanen can wasa ce a kasuwa, amma a lasifika, gaban mutum ɗari, tana iya zama wa ya fi wa addini. Na ja Lawwali gefe na ce makirfon yawo na masu tambaya, hannunsa kada ya bar kan maɓallinsa. In ya ga na taɓa hulata, ya kashe.

Aka buɗe da addu'a. Majigi ya haska, sauti ya fita tas, fanka na juya iska mai zafi. Bulus na ta bayanin injuna, muryarsa na dushewa a hankali. Mutanenmu na gida kuwa, da suka gane inda aka ɓoye ruwa, sai suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, su dawo suna goge baki da hannun riga kamar ɓarayi. Ina kallon Elhaji, shi kuma yana kallon ƙofar. Duk wanda ya fita sai ya bi shi da ido, duk wanda ya dawo haka.

Wajen sha biyu da rabi aka ba da damar tambaya. Alhaji Nuhu, wani dillalinmu na Farfaru mai baki kamar reza, ya karɓi makirfo. Ya ce, "Ni tambayata ba ta inji ba ce. 'Yan'uwanmu na Faransa, 'yan Nijar ɗin nan da kullum ke gaggawar ganin wata..." Na taɓa hula. Sauti ya ɗauke. Nuhu ya hura makirfo, ya bubbuga shi a tafin hannu, ya harari Lawwali. Lawwali ya duƙa yana laluben waya kamar da gaske.

Sai Elhaji ya jawo nasa makirfon na kan tebur, wanda ban yi tunanin kashewa ba.

"Lawwali ɗan Ɗanjuma, kayan ubanka ba su taɓa mutuwa tsakar magana ba. Buɗe mishi."

Lawwali ya dube ni, na sunkuyar da kai, ya buɗe. Nuhu ya ɗan yi sanyi amma ya ƙarasa. Ya ce tunda sun shigo ƙasar da ba a ga wata ba, watan wa za su bi yau, nasu ko namu? Wasu suka yi dariya, wasu daga ɓangaren Maraɗi suka fara gunaguni. Na ga Elhaji ya tattara babbar rigarsa ya miƙe tsaye. Na ce a raina shi ke nan, sai Gangara.

Bai nufi ƙofa ba. Ya ce, "Alhaji, wanda munka gani shi muka bi. Ku ma in kun ga naku ku bi, ba mu zo rabon wata ba, inji munka zo saye." Sannan ya juyo gare ni. "Isiya, ina ka kai ruwan mutane?"

Na ce yana baya.

"Tun safe dattawa na fita shan ruwa a ɓoye cikin garinsu saboda mu. Mi ka ɗauke mu, yara? Ni da na yi azumi a bayan mota kan hanyar Agadas, gorar ruwa ce za ta karya ni? A kawo. In akwai abinci shi ma a kawo nan."

Aka shigo da ruwa. Elhaji ya ɗauki gora ɗaya ya buɗe da hannunsa ya ajiye gaban Bulus, ya ce, "Sha, Malam. Muryarka ta ƙare, kuma ba mu gama jin farashi ba." Bayan an yi azahar, mutanen Maraɗi suka naɗe hannun riga, su suka yi rabon abinci. Mai azumi na ɗauke da tire yana tambayar marar azumi ko a ƙara masa nama. Farantin Nuhu Elhaji ya sa aka cika shi ya yi tozo, ya ce ya ci da kyau, gobe za su ga ƙarfinsa. Zaure ya kwashe da dariya, har Nuhun. Hajiya na leƙe ta taga tana cewa da ta san haka ne da ba ta sha wahalar jan tukwane ba.

Kafin ƙarfe huɗu an gama. Dillalai sun yi layi suna rubuta injunan da za su ɗauka, na can sun fi na nan yawa. Bulus ya riƙe hannuna ya ce in fara neman rana bayan babbar salla, kuma akwai abokinsa na kamfanin taki da zai ba lambata. Mata sun fara shigowa da kayan kamu muna fitar da tebura.

Na raka baƙi Magama da kuloli goma sha biyu a bayan a-kori-kura. Aka loda kunu da ƙosai da nama, direba ya yi alkawarin dawo da kulolin ranar kasuwa. Hankalina ya kwanta, na ga sana'a ta dawo. Elhaji na shirin hawa mota na matsa na ce ya yafe mani, kuskuren lissafi ne.

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala. "Lissafi kowa na ɓata shi. Ba shi ya dame ni ba." Ya ce shekara nawa, duk sanda Sha'aban ya kama sai na kira shi na ce, Elhaji, yau nawa ga wata wurinku? Daga nan mu gaisa, ya tambayi iyalina, in tambayi nasa. "Bana da gayyata ta zo na ga ranar, na san abin da za ya faru. Na ce bari in jira, Isiya za ya kira. Kullum sai na duba waya."

Na fara cewa rufewar nan ce ta rikita mu, kowa ya shiga neman abin da zai ci.

"Boda anka rufe, Isiya. Ba a rufe waya ba. Cikin rufewar nan na binne ƙanena da babban ɗana."

Ya hau, aka ja ƙofa. Ban sani ba, wallahi ban sani ba, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Motocin suka tsallaka ina tsaye da goron da bai karɓa ba a aljihu. Na ciro wayata a nan bakin shinge na duba. Lambarsa na nan, tun ranar da aka rufe boda ban taɓa ta ba.